Man Aksil Daga Garejin Surukina Zuwa Bayan Maraɗi

Tun da na dawo daga Nijar ban huta ba. Duk wanda ya tsaya ƙofar shagona a Samaru, ko da maganin ɓera ya zo saya, sai ya jawo benci ya zauna ya ce, “Alhaji Sale, yaya ƙasar Faransa?” Wasu da gaske labarin suke so. Wasu kuwa sun riga sun ji a bakin direbana, fuskata kawai suke son gani lokacin da nake faɗa. Na gaji da maimaitawa, shi ya sa na zauna na rubuta. Kowa ya karanta, a bar ni in yi cinikina.

Ga wanda bai san ni ba, sana’ata sayar da iri ce da magungunan gona. Ban gaji shago ba, ban yi boko mai nisa ba. Da teburi na fara a bakin kasuwa, ina ƙulla irin tumatir a leda, har Allah ya kai ni ga shago da a-kori-kura guda ɗaya. Abin da ya kai ni Nijar kuwa wani mutum ne, Alhaji Isuhu, wanda ke wani gari bayan Maraɗi a kan hanyar Tasawa. Manoman yankin nan kaf a hannunsa suke karɓar iri. Shekaru na yi ina binsa. In ya shigo Zariya ni ke sauke shi, in sallah ta zo ni ke fara kiransa. Bana ya ce to, in kawo masa irin gyaɗa mai saurin nuna, mota guda, a gwada ni.

Sharaɗi ɗaya ya gindaya mini a waya. Ya ce, “Alhaji, mu nan ba mu jira. In ruwa ya zuba, da sahe kowa shina gona. Wanda irinshi ke ƙasa ran kasuwa, nashi za a ɗauka.” Na san kuma akwai wani dillali ɗan Kano da ya daɗe yana kewaya gidan. Wato ko in kai kayan nan kafin ruwa in buɗe wa kaina ƙofar yanki guda, ko in makara a rufe ta.

Motata ba ta taɓa tafiya mai nisa haka da cikakken lodi ba. Iyakarta Giwa, Soba, Hunƙuyi, ta dawo ta kwana a gida. Saboda haka na ce a yi mata gyara sosai, a canza har man aksil, wanda tun da na saye ta ba a taɓa shi ba. Aksil shi ne ƙullutun ƙarfen nan mai kama da ƙwarya da ke tsakanin tayoyin baya. A cikinsa akwai haƙoran da ke karɓar ƙarfin inji su raba wa tayoyi. Haƙoran nan ba birgima kawai suke yi a kan juna ba, gogar juna suke yi da ƙarfi, kuma duk nauyin kaya a kansu yake ƙarewa. Shi ya sa mansu daban yake da baƙin man inji. Akwai wani magani da ake haɗa shi da shi, wanda in ƙarfe ya yi zafi yake lulluɓe haƙoran ya hana su cin juna. Maganin nan ne ke sa man ya riƙa wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Kauri ba shi ne aikin ba. Wannan na san shi tun ina bin motocin haya da kayana.

Da kaina na shiga Sabon Gari, wajen Oga Nnamdi mai sayar da kayan mota, wanda aka haifa a Zariya, Hausa a bakinsa kamar tawa.

“Alhaji da kansa?” in ji shi. “To yau babu mai cin riba a shagon nan. Na gaskiya kake so, ko na duro?”

“Na duro ka ajiye wa maƙiyinka. Ba ni man aksil mai hatimi, mai lamba tamanin da casa’in, wanda aka rubuta GL-5 a jiki.”

“Lodi fa za ka yi, ga zafin can. Ba za ka ɗauki mai lamba ɗari da arba’in ba, wanda ya fi kauri?”

“A littafin motar tamanin da casa’in aka rubuta. Ba ni na ƙera ta ba.”

Ya sauko da galan ya goge masa ƙura. “In ka buɗe ka ji wari, don Allah kar ka dawo mini da shi. Wallahi na gaji da rigimar nan. Jiya ma wani ya ce na sayar masa da gawa.”

Muka yi dariya, na ɗauki galan na tafi.

A nan ne ya kamata in faɗi wanda ke gyara mini mota. Baba Tanimu ne, na Jushi, mahaifin matata Hajara. Tsohon makaniki ne, ya yi zamani da manyan motocin katako, rabin makanikan Sabon Gari ko dai shi ya koya musu, ko ya koya wa wanda ya koya musu. Tun ranar da na sayi motar nan ba a taɓa tambayar inda za ta riƙa zuwa ba. Kai ta wani gareji daidai yake da in tsaya a tsakiyar unguwa in ce surukina bai iya aikinsa ba. Sannan ba na zuwa in tsaya. Ku da kuke karantawa kun san wannan. Mutumin da ba na kiran sunansa, ba na cin abinci a gabansa, in na hango shi a hanya nake tuɓe takalmi, shi zan tsaya a kansa yana kwance a ƙarƙashin mota in ce nuna mini abin da kake zubawa? A kasuwa babu wanda ban iya kallon idonsa in gaya masa gaskiya. A Jushi kaina a sunkuye yake.

Sai na ba Bulus galan. Bulus direbana ne, mutumin kudancin Kaduna, mai iyali, mun daɗe tare, ban taɓa kama shi da ƙarya ba. Ya kai motar, ya dawo da ita da yamma. Na ce, “An zuba?” Ya ce, “An zuba mai, Oga.” Na ce madalla.

Muka yi lodi, buhu kan buhu har saman ƙarfe, muka lulluɓe da tampol. Bayan sallar asuba muka kama hanya. A Funtuwa muka karya da shayi da ƙwai wajen wani mai shayi da ya ƙi yarda gyaɗa muka ɗauko. Ya ce ai gyaɗa daga arewa take gangarowa, wa ya taɓa ganin an kai ta can? Na ce masa iri ne. Ya ce, “To Allah ya sa su shuka, kar su soya.” Na nuna masa yadda aka turbuɗe ta da jan magani, ko akuya ba a ba. Ya ja da baya da kofinsa.

Muna kusa da Malumfashi na fara jin wani abu daga baya, siririn kuka kamar sauro a kunne. In Bulus ya taka mai sai ya ƙaru, in ya ɗaga ƙafa sai ya lafa.

“Oga, kana jin waƙar nan?”

“Ina ji. Taya ce, ko boris ɗin da take juyawa a kansa.”

Can ya ce, “Ko mu ɗan duba aksil?”

“Aksil ɗin da aka zuba wa sabon mai? Ni na sayo shi da hannuna, Bulus. Duba wani wuri.”

A Katsina muka tsaya wajen wasu makanikai a bakin tasha. Na gaya musu abin da na gaya wa Bulus, cewa aksil lafiyarsa ƙalau. Su kuwa ba su musa wa mai mota. Suka kwance tayar baya, suka ciro boris, suka juya shi a kunnena suka ce ka ji, ya mutu. Aka je neman sabo, aka kawo wanda bai shiga ba, aka koma. Rana ta faɗi muna wurin. Muka sauka a wani masauki bayan tasha, ɗaki mai fanka da ba ta juyawa da katifa mai rami a tsakiya. Tuwon da muka ci a ƙofar masaukin kam ba laifi, miyar kuka ce da man shanu, mai tuwon tana ta zolayata wai Bazazzage ya zo cin arzikin Katsinawa. Na ce mata wucewa nake yi, arzikin yana gaba.

Da safe muka nufi Jibiya. Kukan yana nan, sai dai ya yi kauri. Bulus ya sake cewa, “Oga, aksil ɗin nan…” Na ce masa in ya ƙara ambaton aksil zan karɓi tuƙin.

Iyaka ta ci mana rabin yini, kuma ba zan ce an zalunce ni ba. A ɓangarenmu dai an san yadda ake yi, gaisuwa da hira da ina aka nufa. Da muka tsallaka sai na ga wata duniya. A wajenmu mai shinge fuskarka yake kallo. Can takarda yake kallo, ita kaɗai. Wani dogon jandarma ya sa Bulus ya fito da abin kashe gobara, ya duba ranar da ke jikinsa. Ya nemi akwatin magani. Ya sa aka kunna fitilu ɗaya bayan ɗaya da rana tsaka. Aka buɗe buhu aka ga jar gyaɗa, aka kira wani, shi ma ya kira wani. Daga ƙarshe aka rubuta mana takardar wucewa da kaya, aka sa lambar motata a jiki, aka buga hatimi. Na ninke ta na sa a aljihu ina murna. Ban san lambar nan za ta zame mini igiya ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki a ƙasar nan shi ne tsakar rana. Da azahar ta gabato sai a rufe ofis, a rufe shago, gari ya yi tsit, kowa ya je ya kwanta sai la’asar. A Sabon Gari wanda ya rufe shago da rana tsaka sai a je gidansa gaisuwar mutuwa. Hausarsu kuma daɗi gare ta, sai dai ka kasa kunne. Fura hura ce, tafiya tahiya, aksil kuma pon suke ce masa. A Maraɗi aka kawo mana burodi dogo kamar sanda, ɓawonsa na yanka dasashi. Muka nemi abincin rana aka miƙo mana ƙwaryar fura da nono, mai kyau ƙwarai, gero zalla. Bulus ya shanye tasa ya zauna yana jira.

Na ce, “Me kake jira?”

“Abincin, Oga.”

“Shi ka sha yanzu.”

Ya kalli ƙwaryar ya kalle ni. “A garinmu in ka ba baƙo wannan ka ce ya ci abinci, sai an kai ka gaban dattawan coci.”

Dariyar ƙarshe da na yi a tafiyar ke nan.

Mun bar Maraɗi kasuwar Alhaji Isuhu tana washegari, tafiyar da ta rage kuma ba ta taka kara ta karya ba. Rana ta take, kwalta na tururi. Kukan nan ya koma gurnani, gurnani ya koma kamar ana niƙa tsakuwa a ƙarƙashin kujera. Kafin in buɗe baki muka ji wata ƙara, gam, bayan motar ya girgiza, tayoyi suka ja ƙasa. Allah ya taimaka Bulus ya riƙe sitiyari, muka gangara gefen hanya muka tsaya. Ya sauka ya leƙa, ya tofa yawu a jikin aksil. Yawun ya yi cuwai ya ɓace.

Akwai wani ƙauye a kusa. Mutanensa suka fito, suka yi mana sannu, suka aika aka ɗauko wani makaniki mai suna Mamman a kan babur. Da ƙarfen ya huce ya shiga ƙarƙashi da kwano, ya kwance noti na ƙasa. Muka jira mai ya zubo. Babu abin da ya zubo. Sai da ya zura waya ya zaƙula, sannan wani baƙin abu ya fara faɗowa gudaji-gudaji kamar tsohon kwalli da aka dama, yana ƙyalli da garin ƙarfe. Har da gutsuren haƙori guda.

Mamman ya ce, “Alhaji, mi aka zuba ma pon ɗin ga?”

Na tsuguna na lakato da yatsa na kai hanci. Ƙauri ne kawai, na giris da ya ƙone. Babu warin ƙwai ko kaɗan. Na ɗago na kalli Bulus, shi kuma yana kallon takalminsa.

“Bulus. Ina galan ɗina?”

“Yana Jushi, Oga.”

“Faɗa mini.”

Ya share gumi. “Da na miƙa wa Baba, ya fasa hatimin ya shinshina, sai ya tofar da yawu. Ya ce an cuce ka, man ya ruɓe. Ya murza a yatsa ya ce dubi, ruwa ne tsararo, wannan ko keken ɗinki ba zai riƙe ba. Sai ya ɗebo nasa na duro mai kauri, ya dama da giris, ya ce haka suke yi wa manyan motoci tun ba a haife mu ba.”

“Kai kuma kana tsaye.”

“Oga, Baba ne fa. Shi ya koya wa wanda ya koya mini tuƙi.”

“Da ka dawo me ya hana ka gaya mini?”

“Ya ce kar in faɗa. Ya ce kai mutum ne mai ji da wayonsa a kasuwa, in ka ji an sayar maka da ruɓaɓɓen mai za ka ji kunya, kuma ba ya son ka ji kunya a gabansa. Ni kuma wane ne da zan shiga tsakanin mutum da surukinsa? Na dai yi ta ce maka mu duba aksil.”

Gaskiya ne, ya yi ta faɗa. Na tashi na koma gindin wata bishiya na zauna, don in na ci gaba da tsayuwa a wurin zan faɗi abin da ba a faɗa. Babu wanda ya sace mini komai. Babu wanda ya nufe ni da sharri. Ni na ji kunyar Baba ban tsaya ba, Baba ya ji mini kunya bai faɗa ba, Bulus ya ji kunyarmu duka ya yi shiru. Ga sakamakon ladabinmu nan a cikin kwano.

Mamman ya ce haƙoran sun tafi, sai dai a nemo wani aksil na hannu a Maraɗi. Na ce a bar motar, kaya nake ji. Na kira Alhaji Isuhu na gaya masa. Ya ce, “Subhanallahi. To ka yi ƙoƙari, Alhaji, hadari na haɗuwa gabas.” Na sami mai wata babbar mota da ya yarda ya kwashe buhunan. Har mun fara sassauta igiya ya ce in nuna masa takarda. Da ya ga lambar motata a jiki sai ya mayar da igiyarsa kafaɗa. Ya ce kayan da aka rubuta wa wata mota ba ya hawa tasa, in jandarma suka tare shi motarsa za ta kwana a hannunsu. Sai an koma ofis a Maraɗi an sake takarda. Na ce masa a wajenmu ai magana ake yi a wuce. Ya ce, “Nan ba wajenku ba ne.” Na hau bayan babur ɗin Mamman muka koma Maraɗi, muka tarar an tashi, kuma hutun ƙarshen mako ya shiga.

Mai garin ƙauyen ya sauke mu a zaurensa. Ba zan manta da alherin mutumin nan ba, ko da yake a lokacin ko godiyar kirki ban iya yi ba. Aka shimfiɗa mana tabarma, aka kawo tuwon gero, aka dafa shayi a ɗan ƙaramin buta, ana zuba mana a kofi kamar na wasan yara, mai ɗaci da farko, na bayansa mai zaƙi. Shayin nan ba a gaggawa da shi, kuma ba a tashi a bar shi. Ina zaune ina kurɓa, idona na kan gabas.

Da hantsi, ranar kasuwar Alhaji Isuhu, iska ta juya. Ni da Bulus muka ruga muka ƙara ɗaure tampol. Sannan ruwa ya sauko, irin wanda manomi ke roƙo, mai nauyi, marar iska, ya daɗe yana zuba. Mata suna guɗa a cikin gidaje. Mai gari ya fito tsakar ruwan, rigarsa ta jiƙe sharkaf, ya kama hannuna da hannu biyu yana dariya.

“Baƙo, ƙahwarka na da albarka! Kai ka zo muna da shi. Barka da ruwa!”

Na ce, “Barka kadai.” Me zan ce? Mutum ya shekara yana jiran abincin ’ya’yansa. Kafin la’asar ƙauyen ya watse, kowa ya yi gona da sungumi, mata na biye suna jefa iri suna takewa. Ni kuwa ina zaune a kan mota guda ta iri mafi kyau da ya taɓa shiga yankin, ina kallonsu.

Sai da aka buɗe ofis aka sake takarda, sannan na isa garin Alhaji Isuhu da kayana a motar haya. Ya tarbe ni kamar ɗan’uwa. Ya sa aka yanka kaza. Sai da na ci na wanke hannu, sannan ya ce in zo mu zaga. A bayan shagonsa na ga tarin buhunan da aka zazzage, da tambarin ɗan Kanon nan a jiki. Ya ce mutumin ya iso ana gobe kasuwa, ya kwana a kan kayansa.

Na ce, “Alhaji, ko rabi ne ka karɓa. Akwai waɗanda ba su gama shuka ba.”

“Sun gama, Alhaji. Wanda bai samu na sayarwa ba ya shuka na rumbunshi.”

“To baɗi fa?”

Ya gyara hularsa, ya kalli wani wuri. “Mutumen ga ya hidda ni kunya bana. In na juya mishi baya baɗi, mi zan ce ma mutane?”

Ban ga laifinsa ba. Da ni ne haka zan yi.

Sauran labarin jira ne. Aka samo aksil na hannu a Maraɗi, Mamman ya ɗaura. Wannan karon na sayi man da kaina, na fasa hatimin da kaina, na tsuguna a gefensa har ya cika ya fara dawowa ta bakin ramin. Warin ya bugi Bulus ya toshe hanci. Na ce masa ya buɗe ya shaƙa da kyau, ya riƙe shi a ransa. Muka mayar da buhunan kan motarmu muka juyo. A iyaka dogon jandarman nan ya gane mu, ya ɗaga tampol ya ce, “Ba ku ne kuka shiga da wannan ba?” Na ce mu ne, yawon buɗe ido muka kai ta. Daga Maraɗi har Samaru motar ba ta yi ko tari ba.

Gyaɗar tana nan a bayan shago. A nan an riga an wuce lokacin shukarta. Ba ta sayuwa ga masu ƙuli-ƙuli saboda maganin da ke jikinta, kuma irin gyaɗa ba ya son kwana, kafin wata damina rabinsa ba zai tsiro ba.

Da na huta na je Jushi gaisuwa, don wanda ya dawo daga tafiya dole ya je. Hajara ta riga ni, tana cikin gida wajen mahaifiyarta. Na tuɓe takalmi tun daga bakin gareji, na durƙusa. Baba na zaune a kan tsohuwar kujerar mota, ya amsa gaisuwata da fara’a, ya yi mini jaje. Ashe Bulus ya riga ya kai masa labari.

Ya ce, “Kai dai ka gode ma Allah, ɗana. Da ban canza man nan ba, da wancan mai warin ne a ciki, ko Giwa ba za ka wuce ba. Nawa ne ya riƙe ta har ta tsallaka iyaka. Lodin ne ya yi yawa. Ku yaran yanzu ba ku tausayin ƙarfe.”

Duk hanya na shirya abin da zan faɗa, cikin ladabi, yadda ba zai ji zafi ba. Na buɗe baki, sai na ji kaina ina cewa, “Haka ne, Baba.”

“Shi ma wancan ɗin bai tafi a banza ba,” in ji shi. Ya nuna mini sabuwar rumfar awaki a gefen gareji. Ginshiƙanta na ƙyalli, an shafe su tun daga ƙasa. “Gara ta dame ni. Tun da na shafa musu shi ko ɗaya ba ta dawo ba. Ka ga abin da ko gara ta ƙi, shi za ka ɗura wa motarka.”

Iska ta kaɗo mini warin. Shi ne, na gaskiya, mai hatimi.

Na ce, “Allah ya ƙara girma, Baba.”

“Amin. Ka turo motar in ga abin da ’yan Faransan nan suka yi mata. Na san ruwa suka zuba.”

A hanyar gida na gaya wa Hajara cewa motar nan ta gama zuwa Jushi. Sai da muka wuce Hanwa ta ce, “To. Amma kai za ka gaya masa da bakinka, Alhaji. Ni ba zan iya ba.”

Har yau ban gaya masa ba, kuma motar ba ta je ba. In ya aiko sai in ce tana kan hanya. Da ya ga shiru, makon jiya ya aiko mini da kyauta, galan guda cike da haɗinsa, wai in ajiye saboda tafiya ta gaba. Na karɓa da hannu biyu, na aika da godiya.

Yana nan ƙarƙashin teburina, kusa da buhunan gyaɗa. Duk wanda ya karanta wannan bai ƙoshi ba, har yanzu yana son jin yadda Nijar take, ya zo in buɗe masa ya shinshina. Kauri gare shi kamar zuma, kuma ba ya warin komai.